Injin da yake tona mana asiri da tsakar dare

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son rubuta wannan labari, musamman saboda 'yan'uwana mata da ke jinyar wani nasu a ƙasar da babu uwa babu uba, babu maƙwabciyar da za ki leƙa ta katanga ki ce zo ki kama mini. Ba zan ambaci sunan kowa ba.

A Jibiya aka haife ni, bakin iyakar Katsina da Nijar. Mahaifina mai injin niƙa ne. Injinsa tsohon Lista ne mai shan dizal, irin wanda sai an murza masa hannu da ƙarfi kafin ya tashi, da dogon bel da ya haɗa shi da kan niƙa. Yayanmu shi kaɗai ne namiji, kuma tun da wuri ya tafi makarantar kwana, don haka ni na zama yaron shago. Ni ke karɓar kuɗin niƙa, ni ke jera kwanuka bisa layi don kada yara su kacame da faɗa, ni ke miƙa wa Baba sufana da gwangwanin giris. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Baba ba ya kwance inji sai ya saurare shi tukuna. Sai ya ɗora bakin sukundireba a jikin ƙarfe, ya kai kunne kan mariƙin, ya yi shiru, sannan ya ce boris ne, ko ya ce bel ne ya saki. Da na fara zama budurwa Inna ta ce ya isa haka, 'ya mace ba ta girma cikin baƙin mai da ƙurar gari. Aka maida ni cikin gida.

Maigidana ɗan Maraɗi ne, akwai zumunci tsakanin iyayenmu mata. Ya samu takardar zama a Amurka ta ƙuri'ar biza da suke yi duk shekara a wancan lokacin. An ɗaura mana aure a 2008, na zauna jiran takarduna har 2012, sannan na iso Greensboro a jihar Karolina ta Arewa da 'yarmu ta fari a hannu. Garin yana da 'yan Nijar da yawa, Zabarmawa da Hausawa, don haka ban rasa wanda zan yi Hausa da shi ba. Shi direban tirela ne, yakan yi kwanaki a hanya. Ni kuwa ina gida da yara, waɗanda suka zama uku, ina ɗan kitso da dambun nama. Kuɗin haya, kuɗin wuta, inshora, mota, duk shi ke riƙe da su. Ko takardun da ake sakowa a akwatin wasiƙa ba na buɗewa, tara masa nake yi.

A Nuwamban 2021 abin ya faru. Ya dawo daga tafiya, mun yi sallar asuba, na miƙa masa shayi, sai kofin ya sulluɓe daga hannunsa. Na ɗaga kai na ga bakinsa ya karkace. Yana so ya yi magana, abin da ke fitowa ba magana ba ce. Ni salati kawai nake yi ina jijjiga shi. Babbar 'yarmu ce ta ɗauki waya ta kira lambar gaggawa ta 911, don an koya musu alamomin a makaranta: fuska ta karkace, hannu ya saki, harshe ya sarƙe. Likitoci suka ce gudan jini ne ya toshe hanya a ƙwaƙwalwarsa, kuma maganin da ke narkar da shi yana da ƙayyadadden lokaci, kimanin awa huɗu da rabi daga fara abin. Allah Ya sa mun isa da wuri. Ya rayu, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta tafi, sai 'yan kalmomi. Dama yana da hawan jini, kuma aikin tirela ba ya barin mutum ya ci abincin kirki ko ya yi barcin kirki.

A lokacin nan an katse layukan waya a Jibiya da wasu ƙananan hukumomin Katsina tun watan Satumba saboda matsalar tsaro. Ina asibiti ina latsa lambar Inna, na san ba za ta shiga ba, amma ina latsawa. Sai ta hannun yayana da ke cikin Katsina labari ya kai musu.

Maganar kuɗi ba zan tsawaita ba. Albashi ya tsaya. Tallafin naƙasa na gwamnatin tarayya ko an amince wa mutum sai ya jira wata biyar kafin a fara biya, ga cike takardu da ba sa ƙarewa. Jiharmu kuma ba ta faɗaɗa Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ba a lokacin, sai a Disambar 2023. Mutanenmu na masallaci ne suka yi karo-karo suka riƙe mana haya. Allah Ya saka musu da alheri, har gobe ina yi musu addu'a.

Kafin ƙarshen Disamba aka sallamo shi gida, kuma a nan na san mene ne jinya. Ba ya iya riƙe fitsari. Ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa duba shi ta ja kunnena a kan abu biyu: a riƙa juya shi duk bayan awa biyu, kuma kada a bar shi kan danshi ko kaɗan, don danshi da dogon kwanci su ke haifar da gyambon baya, wanda in ya buɗe rufe shi aiki ne. Ko da ƙunzugun manya da shimfiɗar roba, sai abu ya tsallake. Zanin gado, bargo, rigar barci, tawul, kullum cikin wanki nake, wani lokaci sau biyu a dare.

Wanda ke gida zai ce to ai sai ki shanya. A nan ba haka abin yake ba. Gidan da muke haya irin jerin gidajen nan ne da bango ɗaya ya raba ka da maƙwabci, kuma a cikin yarjejeniyar haya an rubuta ba a ɗaura igiyar shanya a waje. Ko an yarje maka, a watan Janairu bargo zai wuni a igiya ya kwana bai bushe ba. Shi ya sa kusan kowane gida yake da injin busar da kaya, diraya muke ce masa. Mai gidan haya wurin saka shi kawai ya tanada, injin kuwa namu ne, maigida ya sayo shi na hannu tun kafin in zo. Yana cikin wani ɗan lungu a baranda ta ciki, ƙofa da ƙofa da ɗakin da maigida ke kwance.

Tun kafin ciwon injin yakan ɗan yi tsiwa in an kunna shi, ya yi shiru in ya ɗauki zafi. Da aiki ya yi masa yawa sai tsiwar ta zama kuka, wani siririn kuka mai shiga haƙori, a ƙarƙashinsa kuma ga bugu, dum, dum, dum, ba fashi. Maƙwabciyarmu tsohuwa ce, ba ta da fitina, amma wata rana ta tare ni a bakin mota ta ce da murmushi ko lafiya injina yake, don tana jin sa ƙarfe biyun dare. Na ba ta haƙuri, na shiga mota na yi kuka.

Amma ba maƙwabciya ce ta fi damuna ba. Maigida magana ce ta tafi, hankalinsa yana nan garau. Mutum ne mai tsananin kunya da tsabta, wanda ko yaransa ba su taɓa ganin sa ba riga ba. In abin ya faru da dare, ina canza masa shimfiɗa cikin duhu ba tare da na ce uffan ba, shi ma ya kau da kai bango, mu yi kamar ba a yi ba. To da zarar na kunna diraya, gida gaba ɗaya ya san abin da ya faru. Yara su farka. Ƙaramin, wanda bai san komai ba, ya taɓa tambaya da safe a gabansa, "Umma, Abba ya sake jiƙa gado ne?" Na ga hawaye na bin gefen fuskarsa da ya karkace.

Daga nan ya daina shan ruwa. In la'asar ta yi, ko na kai masa kofi baki sai ya datse haƙora. Na lallashe shi, na yi fushi, na haɗa shi da Allah, a banza. Fitsarinsa ya yi duhu ya yi wari, leɓɓansa suka bushe. Ma'aikaciyar jinya ta ce in ya ci gaba haka ciwon mafitsara zai kama shi, kuma rashin ruwa a jiki haɗari ne ga wanda ya taɓa samun toshewar jini. Ita tana ganin taurin kai ne irin na marasa lafiya. Ni na san ƙarar injin nan yake gudu.

Na kira masu gyara. Suka ce dala 95 kuɗin zuwa dubawa kaɗai, kaya da aiki daban, gaba ɗaya zai iya haura dala 250, kuma saboda ƙanƙarar da ta sauka a tsakiyar watan ba su da sarari sai wani mako. Sabo kuwa ya haura dala 500. Abin da ke hannuna na cefane ne da magani. Na gwada kai kayan shagon wanki na kuɗi, amma wa zan bar wa maigida? Kuma wane shago ne zan je ƙarfe biyun dare da jiƙaƙƙen bargo? Akwai mazan garinmu da in na buɗe baki za su zo da gudu, wasu ma sun iya gyare-gyare. Sai dai zuwansu yana nufin su tsaya a ƙofar ɗakinsa, su ji abin da hanci ke ji, su gan shi a yadda ba ya so a gan shi. Mutanen da suka riga suka biya mana haya kuma, nauyinsu nake ji.

Wani dare abin duniya ya ishe ni, na kira yayana. Baba a lokacin yana wurinsa a Katsina, idanunsa sun yi rauni, ya daɗe da barin niƙa. Tsakaninmu da gida awa shida ne a lokacin sanyi, don haka sha biyun darenmu su sun fito daga sallar asuba. Gaisuwa kawai na kira mu yi, injin yana ta yi a bayana. Baba ya katse ni.

"Uwata, mene ne wannan ke kuka a gidanki?"

Na ce injin shanya ne, Baba, ya lalace.

"Kai ni kusa da shi."

Na kara wayar a jikin injin. Ya ce in kashe, na kashe. Ya ce in sake kunnawa. Ya yi shirun nan nasa da na sani tun ina yarinya.

"Abu biyu nake ji. Mai kukan nan ƙaramar fuli ce ta bushe, ƙarfe ke cin ƙarfe. Mai bugun kuwa, kin ji ba ya saɓa ƙa'ida? Taya ce ta cinye gefe guda. Motonsa lafiya lau yake, amma in kika bar shi haka shi ma za su ja shi. Yana da bel?"

Na ce ban sani ba, ban taɓa ganin cikinsa ba.

"Yana da shi. Buɗe ki gani. Amma ki raba shi da wuta tukuna."

Na ce, "Baba, na Turawa ne fa."

Ya yi dariya har da tari. "Uwata, Listan da kika girma a gindinsa wa ya ƙera shi? Daga Ingila aka kawo shi."

Washegari ni da babbar 'yata muka duƙufa. Lambar samfurin injin tana kan wata 'yar takarda da aka manna a bakin ƙofarsa ta ciki, kuma da wannan lambar ake neman komai, don injina biyu masu kama ɗaya a ido za su iya bambanta a ciki. Ta saka lambar a intanet, sai ga zanen kayan cikinsa ɗaya bayan ɗaya, ga bidiyoyi a YouTube na mutane suna kwance irinsa. Na kalla har na haddace. Ashe abin ba wani sihiri ba ne. Ganga ce ta ƙarfe a kwance, bayanta yana zaune kan 'yan tayoyin roba guda biyu. Wani siririn bel mai tsawo ya zagaye cikin gangar, ya sauko ya naɗe bakin moto. Kusa da moton akwai ƙaramar fuli a kan ƙarfe mai tauri kamar sifirin, aikinta ta danne bel ɗin ya ɗaure tamau. Sauran kuwa abin dumama iska ne da fanka mai jan iskar ta ratsa tufafi ta fita ta bututu. Ba duka injina ne haka ba. Na Samsung da LG galibi tayoyi huɗu gare su, biyu gaba biyu baya, yawancin na GE da Frigidaire kuma babu tayoyi a bayansu, boris ne guda a tsakiya, gaban gangar yana zamewa kan wasu 'yan faifan roba. Namu tsohon yayi ne mai tayoyi biyu, wanda matatarsa mai tare audugar tufafi take a sama.

Ana sayar da tayoyin da fuli da bel a ƙunshi ɗaya, kuma masu gyara suna cewa in dai ka buɗe, ka canza su duka, don tare suka tsufa. Dala talatin da 'yan kai muka biya.

Ranar Asabar na yi aikin, bayan na gyara maigida na ba shi abinci. Farko na zare fulogi. Wannan ba abin wasa ba ne: soket ɗin gida a Amurka wuta 120 yake ɗauka, amma diraya mai aiki da lantarki 240 yake sha, fuloginsa ma ƙato ne daban. Mai aiki da iskar gas kuwa sai an rufe bututun gas ɗin ma. Na zaro matata, na kwance sukurori biyu da ke ƙarƙashin murfinta. Na tura bakin faffaɗar wuƙar masu fenti a tsagar da ke tsakanin saman injin da gabansa, kusa da kowace kusurwa, na danna maƙallan da ke ciki, saman ya ɗago kamar murfin akwati. Na cire wayar makunnin ƙofa, na kwance sukurori biyu na ciki, na ɗaga bangon gaba na jingine shi gefe. Da bangon ya fita sai gangar ta sunkuyo, don shi ke tallafe da gabanta. Yarinyar ta tura ƙaramin katako a ƙarƙashi.

Abin da na gani a ciki ya tayar mini da hankali. Audugar tufafi ta taru a ƙasan injin ta yi kauri kamar katifa, ta lulluɓe moton, wani wuri har ta yi launin toka-toka na abin da zafi ya taɓa. Irin wannan audugar tana kama wuta nan da nan, kuma taruwarta na daga cikin manyan abubuwan da ke haddasa gobarar diraya. Na tuna mutumin da ke kwance taku uku daga nan, wanda ba zai iya tashi ya gudu ba. Sai da na zauna a ƙasa na ɗan huta kafin in ci gaba.

Kafin in taɓa bel na sa yarinyar ta ɗauki hoton yadda ya bi ta fuli da moto, don nan ne mutane suka fi rikicewa wajen mayarwa. Na tura fulin gefe, bel ya saki, na zare shi daga bakin moto, muka kama gangar mu biyu muka fito da ita. Ba ta da nauyi sosai, girma ne da ita, gefunan ƙarfen injin kuma suna yanka, gara mutum ya sa safar hannu.

Sai ga maganar Baba a fili. Tayar hagu robarta ta cinye ta yi shafal a gefe guda, in ka juya ta da yatsa sai ta yi rabin zagaye ta tsaya. Gashi da zare sun nannaɗe sandar da take juyawa a kai, sun haɗu da tsohon mai sun zama baƙin ƙulli. Ta dama tana juyawa amma tana rawa. Fulin kuwa ramin tsakiyarsa ya buɗe, baƙar ƙura ta zuba a ƙarƙashinsa, ina juya shi ya yi mini ɗan guntun kukan nan da ya hana mu barci. Bel ɗin duk ya tsattsage, ya yi sheƙi. Jiƙaƙƙen bargo nauyi gare shi, kuma nauyin bayan gangar kan tayoyin nan biyu yake sauka, ga su dama sun kwana biyu.

Kowace taya wani ɗan maƙalli ne na roba mai kusurwa uku yake riƙe da ita. Na ɓamɓare shi da bakin sukundireba, na zare tayar, na kankare sandar da tsumma har ta yi haske, na shafa da yatsa in ji ko ta yi zane, don in sandar ta ci, sabuwar taya ma ba za ta daɗe ba. Tamu lafiya. Na ɗiga ɗigon mai kaɗan, ba a cika shi, in ya yi yawa audugar yake kamawa. Na saka sababbi, na sa sabon fuli a raminsa, muka share ƙasan injin tas, har da bututun da ke fitar da iska waje, wanda shi ma ya kusa toshewa.

Mayar da ganga shi ne inda na ji a jikina. Sai ka zagaya mata bel, gefen mai tsaga-tsaga yana kallon jikin gangar, ka ɗora bayanta kan tayoyin, ka tabbata ƙyallen da ke zagaye da bakinta na baya bai naɗe ciki ba, sannan ka kwanta a ƙasa ka tura hannu cikin wani matsattsen wuri da ba ka gani, ka bi da bel ta ƙarƙashin fuli, ka danne fulin, ka maƙala bel a bakin moto. Duk wannan gangar tana son wanda zai riƙe ta, wurin kuma yana son haske. Yarinyar na riƙe da ganga, babu mai riƙe tocila.

Sai na ji ana bubbuga ƙarfen gado. Ƙofar ɗakin a buɗe take, ashe tun ɗazu yana kallonmu. Ya miƙo hannun hagu yana nuna tocilan. Muka ɗora shi a keken guragu, muka turo shi bakin lungun, na damƙa masa tocila. Hannun yana rawa, hasken yana yawo, amma ya dage har ya tsayar da shi daidai kan moton. Ina kwance a ƙasa, kumatuna a jikin ƙarfe mai sanyi, na ji bel ya faɗa wurinsa. Na juya gangar da hannu zagaye da yawa don bel ya daidaita, ba ta kama ko'ina ba. Muka mayar da bango, na haɗa wayar ƙofa, na rufe sama, na ɗaure sukurori, na mayar da fulogi. Na ce Bismillah na danna.

Iska kawai ake ji da ɗan gunjin moto. Yarinyar ta yi tsalle tana ihu. Shi kuwa ya dube ni ya daɗe, bakinsa yana motsi, da ƙyar ya haɗa kalma biyu: "Sannu, Hajiya." Rabon da ya kira ni haka tun ranar da kofin shayi ya faɗi.

Ba zan ce a daren ya koma shan ruwa ba, ƙarya ne. A hankali abin ya zo. Da ya ga ana canza shimfiɗa, a wanke, a busar, gari ya waye babu wanda ya sani sai ni da shi, sai ya saki jiki. Ya fara karɓar rabin kofi, daga baya cikakke. Gyambon baya bai taɓa kama shi ba. Na tura wa yayana muryar injin ta WhatsApp ya kunna wa Baba. Amsar da ya aiko gajeriya ce, wai in ajiye tsohuwar tayar dama, ba a san ranar amfaninta ba. Halin masu inji ke nan, ba sa yar da ƙarfe.

Akwai abin da na lura da shi a wannan jinya, kuma ina ganin ba a faɗarsa. Masu zuwa dubiya suna kawo abinci, suna kawo addu'a, wasu su sunna maka kuɗi, duka alheri ne. Amma ba wanda ke tambayar mai jinya yaya take yi da wanki, alhali wanki ne ke cin darenta da bayanta da kuɗin wutarta. Ita kuma ba za ta faɗa ba, don faɗar wankin faɗar sirrin mara lafiyar ne. Yanzu in na je dubiya gidan da ake doguwar jinya, nakan ja matar gefe in ce, "Yaya, injinki lafiya? Kawo kwandon nan in tafi da shi." Da yawa sai su fashe da kuka a nan.

Gyaran nan ne ya sa na fara buɗe takardun da nake tara masa. Na zauna da yarinyar muka bi su ɗaya ɗaya, na san nawa ne wuta, nawa ne inshorar mota, wanne ake iya roƙon a sassauta. Da tallafin naƙasarsa ya fara shigowa muka ɗan numfasa. Daga baya na yi kwas na taimakon ma'aikatan jinya, na ci jarrabawar jiha, yanzu ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, aikin da na riga na koya a ɗakina kafin a ba ni takarda.

Labarin diraya kuma ya bazu cikin matanmu. Wata ta kira ta ce nata yana kunnuwa amma gangar ba ta juyawa, na ce bel ne ya tsinke, kuma shi ne. Wata nata yana ƙarar gogar ƙarfe yana barin baƙin zane a farin kaya, faifan gaba ne suka cinye. Wata kuwa ƙarar kacau-kacau ce, muka buɗe muka tarar da tsabar kuɗi da fil ɗin ɗankwali sun shige cikin fikafikan gangar. Ba na karɓar kuɗin aiki, kayan kawai suke saya, amma sharaɗina mai injin ta tsuguna kusa da ni ta riƙe sukundireba da hannunta. Abin da ya shafi gas ko wayoyin wutar bango ba na taɓawa, nakan ce a kira mai lasisi. Wasu mazan abin bai yi musu daɗi ba da farko, har aka aiko mini da magana a kaikaice cewa matar aure da shiga gidaje da akwatin sufana bai dace ba. Maigida ne ya ba da amsa da kansa a masallaci, da 'yar maganar da ta dawo masa, kuma ban sake jin zancen ba.

Baba ya rasu a 2023, ban samu zuwa ba. Allah Ya jiƙansa.

Maigida yanzu yana tafiya da sanda, yana zuwa Juma'a, yana magana a hankali, in ya gaji kalmomi su ɓace masa. Hannun dama bai dawo ba, tuƙi kuwa ya ƙare. Matsalar fitsarin ta ragu sosai, sai jefi-jefi. Shi ke zare audugar matata bayan kowace shanya, don aiki ne na hannu ɗaya, kuma ba ya yarda wani ya riga shi. Bututun waje ni da yarinyar muke kwance shi mu share duk shekara kafin sanyi ya shigo. Ita tana shirin shiga jami'a, wai injiniyanci take so ta karanta, muna ta lissafin yadda za a yi da kuɗin makaranta.